Babi na Shida: Ƙazwar Kare da Masu Kama da Ita

A Nima da Mamobi ba kowa ke yarda kare ya kwana masa a tsakar gida ba, amma unguwa ba ta taɓa rabuwa da karnuka ba. Suna garejin makanikai, suna wurin masu sayen tsoffin ƙarafa, suna bayan rumfunan mahauta, da dare kuma su ne ke kiwo a gefen babbar kwata. Wasu na maƙwabtanmu ne da ba Musulmi ba, wasu na masu gadi, wasu kuwa babu wanda zai ce nasa ne, ko da yake kowa ya san gindin motar da suke kwana. Can wajen Malam da Gbawe, a kan hanyar Kasoa, inda 'yan zango da Allah ya buɗa wa suka gina gidaje masu katanga, za ka tarar da manyan karnuka irin na Afirka ta Kudu da na Jamus, waɗanda aka saya da kuɗi masu nauyi saboda tsoron ɓarayi.

Da na gareji da na gidan katanga, ciwon fata ne ya fi wahalar da su. Kare ya fara susa, ya ciji jikinsa, ya goga bayansa da bango. Gashi ya zube, fata ta yi ja, ta yi ɓawo, daga baya ta yi baƙi ta yi kauri, wari ya tashi. In ka tambaya sai a ce maka ƙazwa ce, ko kirci, a wuce wurin. To amma abubuwan da ke sa kare susa a Akra sun fi biyar, kuma maganin wani yakan ƙara rura wani. Mafi yawan karnukan da na ga sun lalace, maganin da aka yi musu kafin a duba su ne ya ƙarasa su.

Bari mu fara da ƙazwa ta gaskiya, domin ita ce mai tsananin ƙaiƙayi, ita ce kuma ke tsallakowa jikin mutane. Wani ɗan ƙwaro ne ke kawo ta, likitoci suna kiransa Sarcoptes. Dangin kaska ne, mai ƙafa takwas, tsawonsa bai kai rabin milimita ba, don haka ido ba ya kama shi a jikin kare. Macen ce mai ɓarna. Takan huda saman fata ta shige, ta riƙa haƙa tana tafiya a ciki kamar gara a azara, tana ajiye ƙwai biyu ko uku kowace rana. Ƙwan ya ƙyanƙyashe cikin kwana uku ko huɗu, kafin mako uku 'ya'yan su ma sun isa yin nasu. Ba haƙar ce kaɗai ke sa ƙaiƙayi ba. Jikin karen ne ke bori a kan ƙwaron da ƙwansa da kashinsa. Shi ya sa ƙwari ƙalilan kan hana ƙaton kare barci, shi ya sa kuma akan yi makonni da kamuwa kafin susa ta kankama.

Ƙwaron ya fi son inda gashi bai yi yawa ba: gefen kunne, gwiwar ƙafafun gaba, agara, ciki da ƙirji. Gadon baya ne na ƙarshen kamuwa. Akwai ɗan gwajin da likitocin dabbobi ke yi, wanda kowa zai iya in ya sa safar hannu. Ka kama gefen kunnen karen tsakanin yatsu biyu ka murza a hankali. In ƙafarsa ta baya ta ɗaga tana susar iska, to zaton ƙazwa ya yi ƙarfi ƙwarai. A asibitin dabbobi akan kankari fatar da aska, a duba abin da aka kankaro a madubin da ke girmama ƙananan halittu. Sau da yawa ba a ganin komai ko da ƙwaron yana nan, saboda ba shi da yawa kuma a ɓoye yake. Don haka in likita ya ce bai ga ƙwaro ba amma zai ba da maganin ƙazwa ya ga yadda jiki zai amsa, kada ka ɗauka bai san aikinsa ba. Haka ƙa'idar take.

Har yau in fatar yaro ko ta dabba ta yi ƙuraje, akwai mai cewa jini ne ya ɓaci. Likitocin Turai ma sun daɗe a kan wannan fahimta. A 1687 wasu mutum biyu a birnin Liborno na Italiya, likita Bonomo da mai haɗa magani Cestoni, suka zaƙulo ƙwaron daga fatar masu ƙazwa da tsinin allura, suka zana shi, suka ce shi ne sanadi, kuma a kan fata za a yi maganinsa. Ba a saurare su ba. Sai a 1834, da wani ɗalibin likita ɗan tsibirin Kosika mai suna Renucci ya ciro ƙwaron a gaban malamansa a birnin Faris, sannan magana ta zauna. Kusan shekara 150 ana yi wa masu ƙazwa ƙaho da maganin zawo, alhali maganinsu man shafawa ne mai farar wuta.

Abin da ya sa ƙazwar kare ta shafe mu kai tsaye shi ne yanayin zamanmu. Gidan haya na zango tsakar gida ɗaya ce, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya, yara kuma ba su san iyakar ɗaki ba. Yaron da ya rungumi ɗan kwikwiyo mai ƙazwa, bayan kwana kaɗan za ka ga jajayen ƙuraje a damtsensa, a cikinsa, a ƙugu wajen ɗaurin wando, yana susa musamman da dare. Abin kwantar da hankali shi ne ƙwaron kare ba ya samun zama a jikin mutum. Da an yi wa karen magani, ko an raba yaron da shi, ƙurajen kan baje da kansu cikin mako biyu ko uku. Amma in ƙurajen suna tsakanin yatsu da wuyan hannu, suna bin duk waɗanda ke kwana a shimfiɗa ɗaya, to wannan ƙazwar mutane ce, daga mutum zuwa mutum take tafiya, kare ba shi da laifi a ciki. Korar karen ba za ta warkar da kowa ba. Sai an je asibiti, ko na Mamobi ko wanda ya fi kusa, a yi wa duk 'yan ɗakin magani rana ɗaya, a wanke tufafi da zannuwan gado a shanya a rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙazwa cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta kuma ƙiyasta cewa a kowane lokaci sama da mutum miliyan 200 na fama da ita. Haɗarinta ga yara yana cikin susar: farce ya buɗe fata, ƙwayoyin cuta su shiga, ƙuraje su yi ruwa, a wasu yaran har abin ya taɓa ƙoda.

Akwai wani ƙwaron na biyu, Demodex, wanda halinsa ya saɓa wa na farko ta kowace fuska. Shi dogo ne siriri, a cikin ramin gashi yake zaune, kuma kusan kowane kare yana da shi kaɗan. Daga uwa ɗan kwikwiyo ke samunsa a kwanakin farko, wajen shan nono. Muddin garkuwar jiki na da ƙarfi ba ya komai. Sai yunwa ta kama kwikwiyo, ko tsutsar ciki ta cinye shi, ko kuma an haife shi da raunin garkuwa, sannan ƙwaron ya yi yawa. Alamarsa zubar gashi a kewayen ido, a baki, a ƙafafun gaba, kuma da farko babu susa sosai. Ba ya kama mutum, ba ya kuma bin karnukan gida ɗaya bayan ɗaya. In wuri ɗaya ne ko biyu a jikin kwikwiyo mai cin abinci da kyau, sau da yawa yakan warke da kansa cikin wata biyu. In ya game jiki, fata ta yi maruru tana zubar da mugunya da jini, to magani ne na watanni, ba a kuma tsayawa sai an kankari fata sau biyu, wata guda tsakani, ba a ga ƙwaro ba.

Wannan shi ne ciwon da masu gidajen Malam suka fi gamuwa da shi, domin ya fi kama karnukan da ake kiwo don sayarwa, inda ake haɗa dangi da dangi saboda a samu kamanni. Karyar da ta yi wannan ciwo a duk jikinta tana ƙarama bai kamata a bar ta ta haihu ba, raunin yana bin jini. In kuwa tsohon kare ne ciwon ya tasar masa kwatsam, a nemi abin da ke cin jikinsa a ɓoye. Babban kuskure a nan shi ne allura ko man shafawa mai sitiroyid, irin sinadarin da ke cikin yawancin man bilicin da 'yan tuub ɗin da ake saya don ƙuraje. Yana kwantar da ƙaiƙayi nan take, mai kare ya yi murna, amma garkuwar fata yake dannewa. Bayan mako biyu ciwon ya dawo ya fi da.

Ƙuma kuwa a gindin wutsiya da bayan cinya yake aikinsa. In ba ka gan shi ba, tsefe gashin a kan farar takarda mai ɗan danshi. Baƙin garin da ya zubo in ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne, jinin karen ne da ya sha. Wasu karnukan jikinsu ba ya jure miyau ɗinsa ko kaɗan, cizo biyu ya isa su yi mako suna gatsa kansu. Abin lura shi ne ƙuman da ke jikin kare kaɗan ne daga cikin waɗanda ke gidan. Mafi yawansu ƙwai ne da 'yan tsutsotsi a cikin tsumma, a ƙura, a ƙarƙashin benci. Haka kaskar kare, 'yar ja-ja-ja ɗin nan da ke shiga kunne da tsakanin yatsu. Ba kamar ta shanu da ke jira a ciyawa ba, ita a tsagar bango da ramin bulo take haihuwa, gini irin namu ya yi mata daidai. Ita ba fata kaɗai take ɓatawa ba, tana sa zazzaɓin da ke cin jini. Karen da ke da kaska, ya daina cin abinci, dasashinsa ya yi fari, ko jini na fita ta hancinsa, wannan ba na jira ba ne.

Da damina, daga Afrilu zuwa Yuli, wani abu yakan ƙaru. Za ka ga kumburi a cikin kwikwiyo ko a ƙafarsa, da ɗan rami a tsakiya yana fitar da ruwa. Tsutsar wani ƙuda ce. Ƙudan yana ajiye ƙwansa a ƙasa mai inuwa wadda fitsari ya jiƙa, ko a tufafi masu danshi. Tsutsar ta fito ta jira, da fata mai ɗumi ta taɓa ta sai ta shige, ta yi sama da mako tana girma tana numfashi ta wannan rami. Wani bincike da likitocin dabbobi na Jami'ar Gana suka buga a 2016 ya duba karnuka 392 masu iyayengiji a yankin Akra, aka sami tsutsar a jikin 29. Maganinta mai sauƙi ne. A toshe ramin da basilin, tsutsar ta rasa iska ta leƙo, a matsa gefe da gefe a hankali ta fito ɗungurungum, a wanke wurin. Kada a tsaga da reza, kada kuma a fasa ta a ciki. Wannan ƙuda bai bambanta kwikwiyo da jariri ba. Iyayenmu mata da ke dagewa sai an goge kayan jinjiri da dutsen guga mai zafi, ciki da bai, suna da gaskiya, zafin ne ke kashe ƙwan.

Sauran ba sai mun daɗe a kansu ba. Makero dangin funfuna ne, yana yin da'ira mai garin ɓawo, ba ya cika ƙaiƙayi a jikin kare, amma yana saurin kama kan yara, kuma maganin ƙwari ba ya taɓa shi. Akwai karen da kullum guntun banku da ɗan romo ne abincinsa, babu kifi babu nama, fatarsa ta bushe gashi ya yi ta karyewa, musamman lokacin hunturu. Akwai mai borin jini saboda wani abinci ko ƙurar gida, wanda ke lasar tafin ƙafa kunnensa na ciwo, shi nasa lallaɓawa ake yi har tsawon rai. Kowanne daga cikinsu kuma, in susa ta daɗe, ƙwayoyin cuta kan hau kai su yi gyambo mai wari, sai an haɗa da nasu maganin.

Yanzu mu zo kan baƙin mai. Kusan duk garejin da kare ya yi ƙazwa, za ka ji wani ya ce, “Maigida, a shafa masa baƙin mai kawai, shi ke nan.” Ba mugunta ce ke sa su ba, na san haka. Abin da ke hannu ne, kyauta ne, wani kuma zai rantse maka ya ga ya yi aiki. Akwai ɗan dalili a ciki: maiƙo yana toshe wa wasu ƙwarin iska, yana tausasa ɓawo, Larabawan da ma da kwalta suke shafe raƙumi mai ƙazwa. Amma man da ya gama zagaya inji ba kwaltar itace ba ce. Yana ɗauke da gurɓataccen ƙarfe da gubar ƙonewa, irin wadda aka tabbatar tana sa sankarar fata in ta daɗe tana taɓa jiki. Fatar mai ƙazwa a buɗe take, guba ta shige kai tsaye. Kare kuma dole ya lashi jikinsa, sai amai da zawo, hanta da ƙoda su ɗauki sauran. Ga baƙin jiki a ranar Akra, zafi ya dafa shi. Ƙwarin da ke can cikin fata kuwa da yawansu suna nan daram.

Kananzir da gas da maganin feshin gona duk sun fi baƙin mai saurin kisa. Tsofaffi suna tuna Gammalin 20 na gonakin koko, wanda aka riƙa wanke dabbobi da shi. Sinadarin da ke cikinsa, lindan, an sa shi cikin jerin gubar da duniya ta amince a daina a 2009. Waɗanda suka maye gurbinsa a kasuwa, 'yan kwalaben maganin sauro da kyankyaso da na feshin kayan lambu, in aka zuba su a ruwan wankan kare sai ka ga miyau na dalala, jiki na rawa, numfashi na sarƙewa. Wanda ya yi wankan da hannu tsirara shi ma ya sha nasa kason. Ganyen darbejiya da sabulun salo da man kaɗanya ba na hana su. Suna wanke ɓawo, suna sanyaya fata. Amma kada a dogara da su wajen kashe ƙwaron da ke cikin rami, taimako ne kawai.

Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin gaskiya yana nan kusa, kuma mun san shi. Nima da kiwo ta fara, tun da Malam Amadu Futa ya sauka da shanunsa a farkon shekarun 1930, har yau kuma duk mai turke rago don layya ya san allurar aibamektin. Labarinta ya cancanci a sani. A shekarun 1970 wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, ya ɗebi ƙasa kusa da wani filin wasan golf a lardin Shizuoka, ya sami wata ƙwayar halitta a ciki, ya aika wa kamfanin Merck a Amurka. A can William Campbell da abokan aikinsa suka gano tana fitar da sinadarin da ke kashe tsutsa da ƙwari. A 1981 maganin ya shiga kasuwa don dabbobi. A 1987 kamfanin ya fara bayar da shi kyauta da sunan Mectizan don yaƙi da makantar bakin rafi, cutar da ta kori ƙauyuka daga gaɓar kogin Bolta a arewacin Gana da Burkina Faso. Da yawa daga cikin mazauna zango daga waɗannan garuruwa iyayensu suka fito. A 2015 mutanen biyu suka sami kyautar Nobel.

Wannan allura tana kashe ƙwaron ƙazwar kare, in aka maimaita ta bayan kowane mako biyu, sau biyu ko uku. Tana da araha. Haɗarinta a awo yake. Kwalbar da ake sayarwa a kasuwar dabbobi ta Tulaku da shagunan maganin dabbobi ta shanu ce, mililita ɗaya na kilo 50 ne. Wanda ya zuƙi mililita ɗaya ya soka wa kwikwiyo mai kilo 3 ya ba shi sama da ninki 16 na abin da ake ba sa gwargwadon nauyinsa. Sai tangaɗi, miyau, ƙwayar ido ta buɗe, makanta, suma. Ƙananan 'yan kwikwiyo ba a yi musu ita sam. Wasu karnukan Turai, musamman irin da ake kira Collie da danginsa masu kiwon tumaki, suna da wani rauni na gado da ke barin maganin ya shiga ƙwaƙwalwa, abin da wani kare zai jure su sai ya kashe su. Don haka a ɗora kare a sikeli, a bar mai ilimin abin ya auna. Ruwan wanka na amitiraz, wanda makiyaya ke kashe kaska da shi, shi ma yana aiki, amma sai an sirka daidai, a fili mai iska, da safar hannu. Ba na ƙananan 'yan kwikwiyo ba ne, mai ciwon suga kuma kada ya taɓa shi. In akwai kyanwa a gidan a kula, maganin ƙuma na kare mai fametirin yana kashe ta.

Daga 2013 zuwa yanzu an sami sauƙi babba. An fito da ƙwayoyin tauna irin su NexGard da Bravecto da Simparica, waɗanda aka yi don ƙuma da kaska, sai aka ga suna gamawa da ƙwarin ƙazwa duka biyu. Ƙwaya ɗaya tana riƙe wata guda, ta Bravecto mako 12. Ciwon Demodex da a da ake yin watanni ana wanka da allura kullum, yanzu ƙwaya biyu ko uku kan isa. Sun fi aibamektin tsada nesa ba kusa ba, kuma duk abu mai tsada yana da jabu, saboda haka a saya a asibitin dabbobi ko shago mai rajista, a duba ranar lalacewa. Karen da ke farfaɗiya sai an gaya wa likita tukuna. Wurin zuwa ba ya wuya. Hukumar kula da lafiyar dabbobi da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Abinci da Noma tana da asibiti a La, tana da ma'aikata a gundumomi, Jami'ar Gana da ke Legon kuma tana horar da likitocin dabbobi tun 2009. In an je, a yi allurar haukan kare gaba ɗaya. A nan zan roƙi iyaye su gaya wa yara cewa kare mai ƙazwa ba mahaukaci ba ne. Na sha ganin yara na bin irinsa da jifa suna ihu, alhali wahala ce kawai ta rame shi.

Saura tambayar da ke zuciyar mutane da yawa ko ba su furta ba: wa zai taɓa shi? A zaurukan karatunmu mazhabar Malikiyya muka gada, kuma a Muhtasar na Shehu Halil hukuncin a fili yake, duk mai rai tsarkakakke ne, har da guminsa da miyansa, kare ma yana ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya yi lallage a ciki, malaman Malikiyya sun ɗauke shi a matsayin bin umarni, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ga saɓanin haka, wanda ya bi su ma safar hannu da sabulu da ƙasa sun ishe shi. Gaskiya ne shari'a ta ƙuntata ajiye kare, ta ba da izini don farauta da kiwo da tsaron gona, malamai da yawa suka haɗa da tsaron gida in akwai tsoro. Masu sharhin Risala sun ruwaito cewa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, shi kansa ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi. Ko ma wane ra'ayi mutum ya bi game da ajiyewar, ban san malamin da ya halatta a ɗaure dabba a bar ta tana ruɓewa ba. Buhari da Muslim sun kawo labarin wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, sun kawo na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle. Wanda kare ya kwana yana tsare masa gareji, haƙƙin ci da sha da magani yana wuyansa. Hadisi ya kuma hana a haɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya, wannan ita ce ƙa'idar farko a ƙazwa: a ware mai ciwon.

Karen da ba shi da kowa shi ne ya fi wuya, domin ba ya yarda a kama shi, shi ne kuma ke mayar wa sauran da ciwon. A nan ƙwayoyin taunawa suka yi rana. Ana iya cusa ɗaya a guntun nama a jefa masa, a tsaya a ga ya haɗiye, ba kamu ba allura. Sai dai a nuna wa likita hotonsa a waya ya ƙiyasta nauyin, don ƙwayoyin girma-girma ne. Masu gareji uku ko huɗu da ke layi ɗaya in suka haɗa kuɗi za su iya, sharaɗin shi ne a ba duk karnukan wurin a mako ɗaya, har waɗanda ba su fara susa ba. Kwali da tsumman da suke kwana a kai a ƙone, a share wurin, a watsa ruwan zafi a tsagogin siminti. Ƙwaron ƙazwa ba ya wuce 'yan kwanaki in ya rabu da jiki a zafi irin namu, ƙuma da kaska ne masu naci.

Bayan magani kada a yi gaggawa. Susa takan ci gaba kwana da kwanaki, domin matattun ƙwarin suna cikin fata tukuna. Wajen mako biyu karen zai fara barci, ci ya dawo. Gashi kan fara tsirowa daga mako na huɗu zuwa na takwas, baƙar fatar da ta yi kauri a gwiwa da kunne ita ke daɗewa. A ƙara masa kan kifi da ƙwai da ɗan man ja a abinci, a ba shi maganin tsutsar ciki. In wata guda ya cika susa ba ta ragu ba, to ko dai akwai karen da aka tsallake, ko maganin jabu ne, ko kuma tun farko ba ƙazwa ba ce, sai a mayar da shi a sake kankarar fatar.